Awa 9 a Kan Gado, Awa 5 na Barci: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Kasuwa

Mutumin da za a bi lamarinsa a nan misali ne na irin waɗanda ke zuwa asibiti da kukan rashin barci bayan ƙwayar kemis ta daina yi musu aiki. Shekararsa 46, yana da shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari da ke Kano, yana da mata da 'ya'ya. Ba shi da hawan jini, ba shi da ciwon suga. Abin ya faro ne lokacin da wasu kaya da ya yi oda suka maƙale a hanya, masu bin sa bashi suka tsaya masa a wuya. Wata biyu yana kwana lissafi. Daga baya kaya suka iso, aka biya kowa, hankali ya kwanta, amma barci bai dawo ba. Ranar da ya zo neman taimako wata 14 ke nan yana fama.

Ana cewa rashin barci ya zama ciwo mai daɗewa idan mutum yana da lokaci da wurin kwanciya amma barcin ya gagara aƙalla dare 3 a mako, har tsawon wata 3, kuma abin yana taɓa yininsa. Nasa ya wuce haka nesa. Yakan yi kuskure wajen ba da canji, ya yi wa yaran shago faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, da la'asar kuma kansa kamar an ɗora masa dutse.

Kafin a taɓa komai na ɗabi'arsa, an fara da tambayoyin da ke raba wannan ciwo da masu kama da shi. An tambayi uwargidansa ko yana minshari mai ƙarfi, ko numfashinsa na ɗaukewa ya farka a firgice kamar an shaƙe shi. Ta ce a'a. Amsar na da muhimmanci, domin mai toshewar numfashi a cikin barci, in aka rage masa lokacin kwanciya, an ƙara masa haɗari ne. An tambaye shi ko ƙafafunsa na yi masa wani irin ƙaiƙayi daga ciki da dare har sai ya motsa su, alamar da sau da yawa ke tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. An tambayi yawan tashi fitsari, ciwon jiki, baƙin ciki mai nauyi, farfaɗiya, da ciwon da ke sa mutum ya yi kwanaki ba barci amma yana jin ƙarfi da zumuɗi fiye da ƙima. Masu farfaɗiya da masu wannan ciwo na ƙarshe ba a rage musu barci da gangan, don hakan na iya tayar da ciwon. Duk babu. Abin da aka samu shi ne magani: ya fara da Piriton, maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci, da ya daina kama shi sai ya koma Lexotan, ƙwayar kwantar da hankali, dare 3 ko 4 a mako, ba tare da takardar likita ba.

Takardar barci

Mako biyu na farko ba a canza masa komai ba. An ba shi takarda mai layuka, kowace safiya ya rubuta lokacin da ya hau gado, ƙiyasin lokacin da barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka da tsawon kowace farkawa, lokacin da ya sauka, barcin rana, shayi, goro da magani. An ja masa kunne kada ya riƙa duba agogo da dare don ya cika takardar. Ƙiyasi ya isa.

Da aka haɗa kwana 14, ga matsakaicin abin da ya fito. Yana hawa gado ƙarfe 9:30 na dare, ba don yana jin barci ba, sai don "a ba jiki haƙƙinsa" kamar yadda yake faɗa. Barci ba ya zuwa sai wajen 11:30. Cikin dare yana farkawa sau biyu, jimillar awa ɗaya da minti 15 idonsa biyu. Yana tashi 5:00 don sallar asuba, ya koma gado 5:45, ya sauka 7:15, amma barcin da ke cikin wannan awa ɗaya da rabi bai wuce minti 45 ba. Wato awa 9 a kan gado, awa 5 na barci. In aka raba barcin da lokacin kwanciya, kashi 56 cikin 100 ke nan, alhali abin da ake nema kashi 85 ne zuwa sama. Bayan haka akwai ƙailula ta kusan minti 45 a kan tarin atamfa a bayan shago bayan azahar, ɓarin goro bayan la'asar, da shayi mai kauri a wajen mai shayi ƙarfe 8:30.

Akwai wani abu da ya faɗa a kaikaice wanda ya fi duk waɗannan lambobi bayani. A majalisa bayan isha, a kan benci, ana tsaka da hira, gyangyaɗi yake yi har abokai na tsokanarsa. Yana shiga ɗaki ya ɗora kai a kan filo, sai idonsa ya bushe tas. Mutumin da barci ke sacewa a kan bencin katako cikin hayaniya, ba injin barcinsa ne ya lalace ba. Gadon ne ya zame masa wurin fargaba.

Arthur Spielman, masanin barci ɗan Amurka, ya raba sabubban rashin barci gida uku: halittar mutum, kamar zama mai yawan tunani, abin da ya kunna wutar, a nan maƙalewar kaya da bashi, sai abin da ke ci gaba da hura ta bayan sababin farko ya gushe. Kashi na uku shi ne wurin aiki, kuma abin takaici yawancinsa dabarun da mutum ya ƙirƙiro ne don ya taimaki kansa: kwanciya da wuri, komawa bayan asuba, doguwar ƙailula, shayi don korar kasala. Kowannensu da hujjarsa, amma haɗuwarsu ita ta riƙe ciwon shekara guda.

Dalili kuwa shi ne barci na da yunwa irin tasa. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa ne ke kawo nauyin ido da dare. Barcin bayan asuba da ƙailula mai tsawo suna rage wannan yunwa, kamar wanda ya yi ta ciye-ciye da yamma sannan aka kawo tuwo ya kasa ci. Kafeyin da ke cikin shayi, kofi da goro kuma yana toshe wurin da adenosin ke kamawa, kuma jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Shayin 8:30 na dare, rabin ƙarfinsa na nan a jini ƙarfe 1:30, daidai lokacin da yake farkawa.

Tsarin da aka ɗora shi a kai

Hanyar da aka bi ita ce wadda likitoci ke kira CBT-I, wato gyaran ɗabi'a da tunani game da barci. A 2016 ƙungiyar likitocin manya ta Amurka, ACP, ta ba da shawarar a fara da ita kafin magani ga duk baligin da rashin barcinsa ya daɗe. Yawanci zama 4 zuwa 8 ake yi.

Mataki mafi nauyi shi ne taƙaita lokacin kwanciya, dabarar da Spielman da abokan aikinsa suka bayyana a 1987. Ana daidaita lokacin gado da barcin da mutum ke samu a zahiri, ba wanda yake fata ba, amma ba a sauka ƙasa da awa 5 zuwa 5 da rabi. Ana fara da tsayar da lokacin tashi, sannan a ƙirgo baya. A nan asuba ta sauƙaƙa aiki, domin tashinsa ƙarfe 5:00 abu ne da ba ya fashi, ko Juma'a ko Lahadi. Aka ba shi awa 5 da rabi: hawa gado 11:30, sauka 5:00, babu komawa.

"Likita, ni da na zo neman ƙarin barci, sai ka ce in rage kwanciya?"

Kusan kowa haka yake cewa, kuma amsar tana cikin takardar da ya cika da hannunsa: ba barci aka rage masa ba, juye-juye aka rage. Awa 5 ɗin da yake samu a warwatse cikin awa 9, ita ake so ta dunƙule wuri ɗaya. In ta dunƙule, sai a riƙa ƙara mata. Ƙa'idar ita ce a duba kowane mako: kashi 85 ko fiye, a matso da lokacin kwanciya da minti 15, tsakanin 80 da 85, a bar shi yadda yake, ƙasa da 80, a rage minti 15, muddin ba a taɓa iyakar ƙasa ba.

Batun komawa bayan asuba ya cancanci a tsaya a kansa, domin littattafan da aka rubuta wannan tsari a cikinsu sun ɗauka barcin mutum guda ɗaya ne daga dare zuwa safe. Mutane da dama a ƙasar Hausa barci biyu suke yi, kafin asuba da bayanta, kuma ga mai lafiyayyen barci hakan ba laifi ba ne. Amma ga wanda yake fama, komawar na ɓata abu biyu: tana cinye yunwar barcin daren gobe, kuma tana ƙara wani lokacin kwanciya ido biyu. Shi ya sa aka hana shi ita a lokacin jinya. Wanda aikinsa ya tilasta masa barci kashi biyu, ana iya tsara masa su biyun da iyakar lokaci, a haɗa su cikin lissafi ɗaya, sai dai sakamakon kan yi jinkiri. An kuma ce masa bayan sallah kada ya zauna a ɗaki mai duhu. Ya fita da zarar gari ya waye, ya yi tafiyar minti 20 zuwa 30. Hasken safiya ne ke saita agogon jiki, kuma tafiya na hana shi faɗawa kan kujera ya ɓingire.

Mataki na biyu shi ne raba gado da fargaba, ƙa'idojin da Richard Bootzin, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya tsara a 1972. Kada ya hau gado sai yana jin barci, ko da 11:30 ta yi. An bambance masa gajiya da jin barci: gajiya a jiki take, jin barci a ido yake, da hamma, da kai na sunkuyawa. In ya kwanta ya ƙiyasta minti 15 zuwa 20 barci bai zo ba, ya sauka ya bar wurin, ya yi wani abu mai sanyi cikin haske kaɗan, sai barci ya kama shi sannan ya dawo. Ko sau huɗu ne a dare ɗaya, haka zai yi. Gado na barci ne da sha'anin iyali kawai, ba wurin lissafin shago, cin abinci ko duba waya ba.

A gidan da ke da falo wannan mai sauƙi ne. Nasa ɗakin ciki ɗaya ne, falon kuma samarin gidan ne ke kwana. Sai aka shimfiɗa tabarma a kusurwar ɗakin da filo na jingina da ƙaramar tocila mai rauni. Abin da ake bukata shi ne jiki ya san bambancin wurin barci da wurin zama, ko da taku uku ne tsakaninsu. Sharaɗi ɗaya: a tabarmar zama ake yi, ba kishingiɗa ba. Waya kuma ta koma caji a nesa da hannu, fuskarta a ƙasa. Illarta ba hasken kaɗai ba ne. Saƙon mai saye, farashin dala da labarin da ke tayar da hankali sun fi hasken ɓarna, ga kuma agogon da ke jikinta. Duba lokaci ƙarfe 2:40 na dare ba ya haifar da komai sai lissafin "saura awa biyu da minti 20", kuma wanda ke lissafi ba ya barci.

Shayi aka mayar da shi safe, goro kuma kada ya wuce azahar. Ba a ce ya bari gaba ɗaya a rana ɗaya ba, domin mai shan kafeyin kullum in ya yanke kwatsam ciwon kai na kwanaki ke biyo baya, sai ya ɗora laifin a kan tsarin. Majalisa ma ba a hana shi ba, hasali ma ita ta taimaka masa kai wa 11:30. An dai ce in gyangyaɗi ya fara, ya miƙe tsaye ya ɗan zaga. Ƙailula aka rage ta zuwa minti 20 da ƙararrawa, kafin ƙarfe 3:00. A ƙa'ida mafi tsauri ana hana barcin rana gaba ɗaya, amma mutumin da zai tuƙa mota cikin cunkoson yamma, ɗan gajeren barcin ya fi masa aminci. An gaya masa ƙarara cewa a makonni biyu na farko, ranar da ya ji idonsa na rufewa kada ya riƙe sitiyari. Direban babbar mota, mai Keke Napep ko mai aiki da injin yanka, ba a fara musu da irin wannan tsauri. Ana rage musu lokacin gado a hankali, minti 15 zuwa 30 a mako.

Sai tunani. An ware masa minti 15 bayan magariba, da littafin rubutu: a hagu abin da ke damunsa, a dama mataki ɗaya da zai ɗauka gobe. "Kuɗin hayar shago" a hagu, "kira mai gida bayan azahar" a dama. In tunanin ya dawo tsakar dare, amsarsa ita ce an riga an rubuta. Kafin kwanciya kuma tsari ɗaya kullum: watsa ruwa mai ɗumi kamar awa ɗaya ko biyu kafin lokaci, wanda ke taimaka wa zafin cikin jiki ya sauka, sannan sassauta gaɓoɓi irin wanda likita ɗan Amurka Edmund Jacobson ya tsara. A dunƙule hannu da ƙarfi daƙiƙa 5, a saki daƙiƙa 20 ana lura da bambancin, a wuce damtse, kafaɗa, fuska, ciki, cinya har tafin ƙafa. Numfashi a ja ana ƙirga 4, a fitar ana ƙirga 6. Addu'o'in kwanciya da tasbihin da ya saba sun shiga ƙarshen tsarin yadda suke.

Kuskuren da aka fi yi da waɗannan dabaru shi ne mayar da su jarrabawa: na yi numfashin, na gama tasbihi, ina barcin? Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da ake gadinsa. Saboda haka aka ce ya riƙa gwada sassauta gaɓoɓin da rana tukuna, lokacin da ba ya neman komai da shi, har ya zame masa jiki.

Yadda makonnin suka kasance

Makon farko ya fi kowane muni. Barcinsa ya sauka zuwa awa 4 da minti 20 cikin awa 5 da rabi, kashi 79. Dare biyu ya sauka tabarma sau uku-uku. A rana ta biyar ya kusa bari. Wannan shi ne inda mutane da dama ke zamewa, kuma shi ya sa ake sanar da su tun farko cewa zai yi tsanani kafin ya yi sauƙi. Ba a rage masa lokaci ba tunda yana kan iyaka.

Mako na biyu barci ya fara ɗaukarsa cikin minti 20, ya samu awa 4 da minti 45, kashi 86. Aka matso zuwa 11:15. Mako na uku kashi 88, aka koma 11:00.

Mako na huɗu ya faɗo zuwa kashi 81, kuma dalilin ya fito a takarda. Zafin Afrilu ya tsananta, an ɗauke wuta dare uku a jere, fanka ba ta juyawa. Bayan daren da ya fi wahala, sai ya koma gado bayan asuba har 8:00 don ramuwa, daren da ya biyo baya barci ya ƙi zuwa sai 1:00. Ramuwa ita ce ƙofar da ciwon ke dawowa ta cikinta. Mummunan dare ɗaya in aka bar shi ba a rama ba, shi ne ke kawo barci mai nauyi a daren gobe. Aka mayar da shimfiɗarsa tsakar gida ƙarƙashin gidan sauro har zafin ya wuce, wuri ɗaya kullum, tabarmar zama ita ma ta biyo shi waje. Lokaci aka bar shi a 11:00.

Mako na biyar kashi 89, aka koma 10:45. Na shida ma 89, aka koma 10:30. A mako na takwas yana barcin awa 5 da minti 50 cikin awa 6 da rabi, yana farkawa sau ɗaya na 'yan mintuna ya koma. Aka ƙara minti 15 sau ɗaya, da aka gwada wuce haka sai juye-juye ya fara leƙowa, aka tsaya a 10:15 zuwa 5:00 da ƙailular minti 20. Shi dai a ransa awa 8 yake so. An bayyana masa cewa bukatar barci ta bambanta tsakanin mutane, kuma ma'auninsa shi ne yadda yake ji a shago da la'asar, ba lambar da ya ji a rediyo ba.

Lexotan ba a taɓa shi ba a makonni uku na farko, sai dai an hana shi ƙara yawansa ko sha tsakar dare. Yana cikin dangin magungunan da jiki ke sabawa da su, kuma yanke su kwatsam na iya kawo rashin barci fiye da na farko, da karkarwa da fargaba, ga wanda ya daɗe yana sha da yawa har da jijjiga. Da barcin ya fara dunƙulewa, likita ya tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni, a ranakun da aka tsayar tun da rana, ba wai ya kwanta tukuna in barci ya ƙi sannan ya miƙa hannu ba. Kowane ragi ya zo da dare ɗaya ko biyu marasa daɗi, an kuma gaya masa tun kafin su zo.

A zama na ƙarshe an rubuta masa abin yi in abin ya dawo. Dare ɗaya ko biyu, kada ya canza komai: tashi 5:00, babu ramuwa. In ya kai mako guda, ya ɗauko takardar barci, ya koma 11:00, ya dawo da tabarma. Da watan azumi kuwa, inda tarawihi, sahur da canjin lokacin kasuwa ke birkita komai, an ce kada ya yi lissafin kashi ko kaɗan. Ya tsayar da barci biyu masu iyaka, ɗaya bayan tarawihi zuwa sahur, ɗaya gajere da rana, shayin buɗa-baki ya zama marar kauri, sannan mako guda bayan Sallah ya koma 10:15.